Littafin sarauta da na turo a Wunti, da kashi na 31 da ya ɓata mana dare

Ni tela ce. A ɗinki hannu da ƙafa da ido ne ke wahala, kunne yana zaune ba aikin fari ba na baƙi, shi ya sa na koma sauraron littattafai maimakon karantawa. Ana saura sati uku babbar salla, kaya sun taru mini har kan gado, na shiga kasuwar Wunti sayen zare da zif, na ratsa ta layin masu waya na tsaya wajen wani yaro mai turi. Rumfar ba ta fi tabarma biyu ba: tebur, kwamfuta mai tsagaggen gilashi, wayoyin mutane jere a caji, da sifika da ke neman fasa kunne.

"Anti, na soyayya ko na aljanu?"

Na ce, "Ɗana, dube ni da kyau. Ba ni na sarauta, mai tsawo."

Ya ce akwai wani kashi 47, duk wanda ya karɓa sai ya dawo neman irinsa. Naira 500 ya caje ni, memorin nawa ne. Kafin in gama cinikin zif a rumfar gefe har ya gama. Wajen sauri da sakin fuska ba ni da ƙorafi ko kaɗan.

Ba zan iya gaya muku sunan littafin ba, don ba shi a jiki. Lambobi ne kawai daga 1 zuwa 47, mai karantawar kuma bai taɓa ambatar wanda ya rubuta ba, sai sunan mai maganin basir da ke katse labari duk bayan minti goma. Wannan ya tsaya mini a rai. Wani ya ɓata dare ya rubuta, ko sunansa bai iso Bauchi ba, balle sisinsa.

Labarin wata masarauta ce ta ƙirƙira tsakanin Bauchi da Gombe, ana gab da zuwan Turawa. Sarki ya fita yaƙi da Ningawa ya yi wata goma sha ɗaya, ya dawo ya tarar kwarkwararsa da ya fi so ta haihu. Kafin ya sauka daga doki uwar soro ta riga ta sa jakadiya ta fice da jaririn cikin kwando an rufa masa zanen saƙi, aka ce wa sarki bai zo da rai ba. Yaron ya tashi gidan wani marini, hannunsa shuɗi da baba, ba abin da ya gada sai laya a wuya. Ranar da fatar layar ta tsage ya ga takardar ajami a ciki, daga nan neman uba ya tashi. Sarki ne? Ƙanin sarki ne da aka bar wa gari? Ko shamaki?

Gaskiya labarin yana riƙe mutum. Akwai wurin da marinin ke gaya wa yaron gaskiya a bakin karofi, bai ɗago kai ba, yana ta juya muciya a rami yana magana kamar da ruwan baba yake yi. Nan na ɗinke hannun rigar wata amarya a baibai, sai da na farke. Fadar ma ya san ta: dogarai da jajayen kaya, gaisuwar faɗuwa, yadda magana ba ta isa cikin gida sai ta bakin jakadiya, yadda tambari ke bugawa kowa ya san an yi wani abu tun ba a faɗa ba.

Amma ba ni kaɗai nake saurare ba. Goggona, yayar babanmu, tana zaune gefe tana tsinke mini zare, kuma ita a Unguwar Jahun ta girma cikin tsofaffin da suka san gidan sarauta ciki da bai. Kashi kusan goma yaron ya yi yana kuka wai ko da sarki ne ubansa, shi ɗan baiwa ne, ba shi da fuskar shiga fada. Goggo ta ajiye almakashi ta ce, "Ke, wannan bai san sarauta ba. Sarakuna nawa ne 'ya'yan kwarkwara?" Kuma gaskiyarta. Ɗan da kwarkwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne cikakke, yana gado, yana hawa gadon sarauta, ita kuma uwar daga ranar ba a sayar da ita, in ubangijin ya rasu ta 'yantu. Marubucin ya ɗora rabin baƙin cikin littafinsa a kan abin da a nan ba abin kunya ba ne.

Inda ƙullin gaske yake, wato wata goma sha ɗayan nan, nan kuma ya yi sauri ya wuce. Ya sa alƙalin gari ya ƙirga watanni a yatsa ya ce ɗan ba na sarki ba ne. Wane alƙalin Malikiyya ne zai yi haka? Ƙa'idar da kowane almajiri ya sani ita ce ɗa na mai shimfiɗa ne, kuma malamanmu sun yarda da kwantaccen ciki, wanda a littattafan mazhaba ake kai shi shekara huɗu har biyar. In ba mai shimfiɗar ne da bakinsa ya kore ɗan ba, ƙirgen alƙali ba ya korar shi. Da marubucin ya san wannan, da makircin ya fi daɗi: an sace yaron ne don shari'a za ta ba shi, ba don za ta hana shi ba.

Sai ƙananan tuntuɓe. Ya kira Malam Yakubu, wanda ya kafa Bauchi a 1809, Bafulatani, alhali Bagere ne ɗan Tirwun, almajirin Shehu Usmanu da ya karɓo tuta. Ya sa an ba jakadiya toshiyar baki da naira, kuɗin da bai zo ba sai 1973. Lokacin wuri ake ƙirgawa. Ya kuma kai yaron Gombe ta yanzu, alhali a zamanin fadar da Buba Yero ya kafa tana Gombe Abba, ba a dawo Doma, wato Gombe ta yanzu, ba sai 1919. Amma ya burge ni da ya sa Turawa suka shiga Bauchi a 1902 yaron na tsakiyar bincikensa, tsohuwar jakadiyar kuma ta bi ayarin Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas, har ya cim mata a Burmi a 1903, ana gobe yaƙin da aka kashe Attahiru. Kashi na 30 ya ƙare tana riƙe da hannunsa tana cewa, "Zauna, ɗan nan, in sauke kayan da na ɗauka."

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, wuta ta ɗauke, muna kan fitilar caji. Na danna 31. Sai ga marini a bakin karofi yana juya muciya. Kashi na 13 ne aka sake sa masa lamba. Na danna 32, an riga an binne jakadiya, yaron na tafe yana kuka da abin da ya ji, mu ba mu ji ba. Goggo ta ce, "Allah ya isa," ta ja zanenta ta shige ɗaki.

Washegari na koma Wunti da zafina. Mai turin ya duba ya dafe kai: "Wallahi Anti haka ya zo mini, ba wanda ya taɓa gaya mini." Ko dai ƙarya yake, ko duk masu dawowa neman irinsa ba su damu da sanin uban yaron ba. Bai yi gardama ba dai. Ya karɓi lambata, bayan kwana biyu ya samo kashin wajen wani abokin sana'arsa a kasuwar Muda Lawal, ya tura mini, ya ƙara da wani littafin kyauta. Sautin wannan kashin ya fi sauran rauni, har da carar zakara a bayan mai karatu, amma an ji.

Zan koma wajensa, don arha ne kuma yana da kunya. Sai dai yanzu ba na barin rumfar sai na buɗe kashi uku ko huɗu daga tsakiya na saurari farkonsu, shi kuma yana dariya yana cewa Anti ta zama kwastan. Uban yaron ba zan faɗa ba. Goggo dai ta ji da kunnenta ta ce jakadiyar ƙarya take, ita har yanzu shamaki take zargi.