Kwale-kwalen da na haɗa da hannuna, da allon tsaye da na saya daga baya

Ranar da na gama haɗa jikin kwale-kwalen nan na ɗauka aiki ya ƙare, ashe ko rabi banyi ba. Na fulawud ne, mai jure ruwa, kauri milimita 6, tsawo ƙafa 15, irin haɗin nan da ake huda gefen katakan a ɗinke su da waya, a cike tsakani da gam ɗin efoksi, in ya bushe a cire wayar a shimfiɗa ƙyallen faiba a kai. Wannan duk wanda yake da haƙuri da sanfefa zai iya. Inda aikin yake shine kayan ciki, wato wurin zama da sandunan da ke riƙe baki da abin da zai hana shi nutsewa, kuma a nan ne zaka gane ko jirgi ka haɗa ko akwati mai tsini.

Kujera ce ta fara koya min darasi. Na sayi kujeru biyu na katako masu saƙar igiya a tsakiya, aikinsu yayi kyau gaskiya, saƙar bata riƙe ruwa kuma bata sa zufa, sai dai bol ɗin da suka zo dasu gajeru ne, dole ka rataye kujerar dab da bakin jirgin. Haka nayi. Fitar farko da na shiga sai naji jirgin yana rawa ƙarƙashina, ko juyawa nayi zan ɗauki ruwan sha sai ya karkata, hankalina bai kwanta ba har na fito. Na koma na nemo dogayen bol na ƙarfen da baya tsatsa, na yanka ƴan katakai na sa tsakani, kujerar ta sauka kamar santimita 8, wallahi kamar an canza min jirgi. Dalilin a fili yake, nauyin mutum in yayi sama jirgi zai yi ta neman kifewa, in ya sauka ƙasa sai ya natsu. Amma fa kar a saukar da ita sosai, in kana tuƙi a durƙushe ƙafarka tana shiga ƙarƙashin kujerar, kuma dole ta iya fitowa da sauri ranar da jirgi ya kife. Wannan ba abin wasa bane, ka gwada da takalminka a ƙafa tun kana kan tudu kafin ka ɗaure bol na ƙarshe.

Sandar tsakiya da ake ɗaukar jirgin da ita a kafaɗa, ita kuma kar ka auna da tef kace nan ne tsakiya. Ka gama sa komai tukuna, ka ɗora jirgin kan wani ƙarfe ko gora ka nemi inda ya daidaita, nan zaka kafa ta.

Sai jakunkunan iska, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Wasu suna cewa ai katako baya nutsewa, eh baya nutsewa, amma jirgin da ya cika da ruwa bakinsa daidai da saman ruwa yake tsayawa, ko ka kwashe wani ne zai shigo. Da jakunkunan sai ya taso sama har ka samu damar kwashewa da galan ɗin da ka yanke. Jakunkunan da na saya robarsu mai kauri ce, ban ga inda suke sace iska ba, abin da bai min ba shine igiyoyin da aka haɗo dasu, sirara ne, na canza su na kuma manna zobba a ƙasan jirgin na ɗaure da kyau, don jakar da bata ɗauru ba ficewa take ta barka. Banish kuma shafi uku nayi, saboda rana tana cin efoksi, yana yin rawaya ya fara farfashewa in ba'a rufe shi ba.

To ana cikin haka ne na sayi allon nan da ake tuƙawa a tsaye, na hurawa, don in ga abin da mutane suke yabo. Tsawonsa ƙafa 10 da inci 6, faɗi inci 32, kauri inci 6, ya zo da famfo da filafili mai ƙara tsawo da fiffiken da ake maƙalawa a ƙasa da igiyar ƙafa mai haɗa ka da allon, duk a jakar goyo ɗaya. Asalin abin daga masu hawan igiyar ruwa na Hawai ya fito, a farkon shekarun 2000 su Laird Hamilton suka sa duniya ta san shi. Cikinsa dubban zare ne suka haɗa fatar sama da ta ƙasa, shi yasa in ka hura shi ya kai PSI 15 (ma'aunin ƙarfin iskar ciki) yake tauri kamar katako maimakon ya kumbura kamar tayar mota. In ka tsaya a 8 ko 9 don ka gaji, zai lanƙwashe a tsakiya ka rasa gane me yasa baya tafiya. Famfon hannun yana aiki amma gejinsa baya motsi sai iska tayi nisa, kuma ƙarshen hurawar akwai cin ƙarfi.

Zan faɗi gaskiya ko da bata min daɗi ba, allon yafi jirgina fita. Minti 15 daga buɗe but ɗin mota ina kan ruwa, ni kaɗai, babu ɗora jirgi a saman mota babu ɗaure-ɗaure. Nauyinsa bai kai rabin na kwale-kwalen ba. Kuma in ka faɗa ruwa, wanda zaka faɗa kam a kwanakin farko, jawo shi kawai zakayi ka hau da ciki, babu ruwan da zaka kwashe. Kwale-kwale in ya kife a tsakiyar ruwa kana kai kaɗai, komawa ciki aiki ne babba ko da jakunkunan iska. A tsaye kuma kana ganin ƙasan ruwa, kifi da ciyawa da duwatsu, abin da mai zama baya gani.

Amma bari iska ta taso. Jikinka gaba ɗaya ya zama kamar ƙyallen da ke tare iska, iskar tana tura ka inda taga dama, dole ka durƙusa ko ka kwanta ka tuƙa da hannu, kuma in daga tudu take busowa zuwa cikin ruwa to kar ma ka shiga. Igiyar ƙafar ma a ruwa mai tsaye take da amfani, a kogi mai gudu tana iya maƙalewa a reshe ta danne ka ƙasa, can sai irin ta ƙugu mai saurin kuncewa. Kar kuma ka bar allon a hure cikin rana kan tudu, iskar ciki tana ƙaruwa da zafi har ɗinkin ya iya buɗewa. Kaya kuwa ƴar jaka ɗaya ce a ƙarƙashin igiyar robar da ke gaban allon, shikenan. Kwale-kwalen yana ɗaukar mu biyu da yaro a tsakiya da tanti da kular abinci da komai, mu wuni muna tafiya ba wanda ƙafarsa ta sage, kuma da ka iya murɗa filafili a ƙarshen kowane ja, jirgin zai miƙe ba sai kana canza hannu ba. A allon kam duk ja uku huɗu sai na sauya gefe.

Rigar ceto dai a duka biyun a jikina take, ba a ɗaure a gefe ba.

Allon na bashi huɗu cikin biyar, na cire ɗaya saboda famfon da kuma filafilin alminiyon da yake da nauyi yana kuma shan ruwa ta mahaɗa. Kujerun ma na basu huɗu, jakunkunan iska huɗu da rabi. In awa ɗaya gareni da yamma kuma ruwa a kwance, allon nake ɗauka. In tafiyar wuni ce ko akwai wanda zai bini, kwale-kwalen ne, kuma yanzu haka ina manna masa soson gwiwa a ƙasa da ƙarin faiba a hanci inda yashi ya fara cinsa.