Suna a kusurwa ko a tsakiyar hoto: wanne ya fi tsare maka aikinka?

Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce ka je Gidimuni, can jihar Damagaram, bayan damina, ka ɗauki hoton tafkin da hantsi, dabinai sun yi layi a bakin ruwa, ka saka a Facebook, kwana uku sai ga hoton a sitatus ɗin mutane, har wani shafi ya manna nasa suna a kai. Yanzu kana so ka san wanne ya fi: ka sa tambarinka ƙarami a kusurwa, ko ka shimfiɗa shi a tsakiya yadda ba mai iya cirewa. Duka biyun na yi su, bari in jera maka.

Na kusurwa shi ne wanda kowa ke farawa da shi, kuma yana da kyau guda ɗaya babba: ba ya taɓa hoton. Hoton fili ba kamar hoton ango da amarya ba ne. Ido yawo yake yi a cikinsa, ya tashi daga duwatsun Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya hau katangar ƙasa, ya ɓace cikin hazon hunturu, kuma duk abin da ka gitta masa a hanya zai tsayar da shi. Aibinsa kuwa, yatsa biyu sun isa. Kowace Tecno ko Itel tana da wurin datse hoto. Abin da ya ƙara ɓata lamarin, kusurwar hoton fili galibi sama ce ko rairayi. In ka datse hoton mahayi ranar hawan salla a ƙofar fadar Sultan, za ka yanke kofato ko bakin mashi, a gane. In ka datse tafkin Gidimuni, ɗan gajimare ne ya tafi, ba wanda zai yi cigiyarsa.

Na tsakiya ba ya datsuwa, gaskiya ne. Shi ya sa manyan dillalan hotuna irin su Getty Images da Shutterstock suke shimfiɗa shi a kan samfurin da suke nunawa. Amma ka lura da abin da suke yi: su kanti ne, samfur suke nuna maka don ka biya a ba ka na ainihi. Kai kuwa hoton da ka saka shi ne tallarka, shi ne kuma duk abin da mutane za su gani. In ka rubuta sunanka ɓaro-ɓaro a kan ruwan tafkin, ɓarawo ya bar maka shi, mai kallo ma ya bar maka shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kuma kada ka ɗauka ba ya gogewa. Tun 2010 Photoshop yake da abin da ke cike gurbi da kansa in ka share wani abu, yanzu kuma wayoyin Samsung da na Google suna zuwa da magogi a cikinsu. Inda ya fi sauƙin cikewa shi ne wuri mai santsi: sama, ruwa kwance, tudun yashi irin na hanyar Tasker. Wato daidai abin da ya cika hotunanmu. A 2017 masu bincike na Google sun nuna cewa in tambari iri ɗaya ne a hotuna masu yawa, kwamfuta tana iya koyon siffarsa ta cire shi daga dukkansu, kuma maganin da suka samo shi ne a riƙa ɗan karkata siffar tambarin a kowane hoto. Ba sai ka kai nan ba.

Ni inda na tsaya tsakanin biyun ne, amma na fi karkata ga ƙarami. Ina shigo da shi daga baki, in ɗora shi inda hoton ke da kwaramniya: inda dutse ya haɗu da dutse, cikin ganyen dabino, kan zanen bangon wani tsohon gida a Zango. A nan gogewa tana barin tabo, datsewa kuma tana cin naman hoton. Ina rage masa kauri zuwa kamar kashi 30 ko 40 cikin ɗari, yadda sai wanda ya neme shi zai karanta. Cikin manhajojin gyaran hoto, Lightroom na waya yana manna shi da kansa lokacin fitar da hoto, Snapseed kuma yana da wurin rubutu, kyauta.

Dalilina shi ne yawancin masu ɗaukar hotonka ba ɓarayi ba ne. Ƴan Damagaram ne da ke Kano, da Agadas, da Libiya, kewar gida ta kama su, suka ga tafki suka saka a sitatus. Ba za su tsaya goge komai ba. Matsalar kawai, da zarar hoto ya shiga WhatsApp ya rabu da mai shi, daga hannu na uku ba wanda ya san daga ina ya fito. To tambarin nan kamar lalas ne a cinyar raƙumi: bai hana a kore shi da dare, amma duk kasuwar da ya shiga an san na wane ne. Saboda haka ka rubuta abin da za a same ka da shi, sunan shafinka ko lambar aikinka. Haruffa biyu masu lanƙwasa da kai kaɗai ka san ma'anarsu ado ne kawai.

Za a ce maka akwai na ɓoye, bayanan da ke cikin fayil ɗin: sunan mai hoto, ranar ɗauka, irin kyamara. Ka cike su, ba laifi. Sai dai WhatsApp yana zubar da su in an tura a matsayin hoto, sai in an tura a matsayin fayil suke tsira, wanda ya ɗauki hoton allon wayarsa kuma bai tafi da ko ɗaya ba.

Abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi duka biyun nauyi, shi ne girman da kake sakawa. Kyamara mai megafiksel 12 tana ba da hoto 4000 a 3000. A bugu mai kyau, ɗigo 300 a kowane inci, wannan ya kai wajen santimita 34 a 25, ya isa shafin kalanda. In ka rage faɗinsa zuwa 1080, a waya ba za ka ga bambanci ba, amma a takarda santimita 9 ne kacal. Akwai manhajojin da ke ƙara girman hoto, mai fosta da ake kallo daga nesa zai iya lallaɓawa, amma ganyen dabino da tsagar dutse ba sa dawowa yadda suke. Ga kuma sauƙin forfe, wato kuɗin intanet.

Ni a jikina na koya. Na taɓa saka hoton duwatsu bayan ruwan farko, cikakken girmansa, da suna a kusurwa. Ƙarshen shekara na gan shi rataye a wani shago, kalanda guda, an datse gefen da sunan yake. Abin da ya cece ni, na asalin yana hannuna tare da waɗanda na ɗauka kafinsa da bayansa. Tun daga nan nake ɗan datse gefen kowane hoto kafin in saka, yadda ni kaɗai ke da bakin da ba kowa ya taɓa gani.

Ta fuskar doka, hoton naka ne tun lokacin da ka danna, da tambari ko babu. Nijar tana cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe tun 1962, wadda ba ta sharɗanta rajista ba, akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2010, akwai kuma hukumar BNDA mai kula da wannan haƙƙi a Yamai. Google Lens da TinEye za su nemo maka inda hoton ya faɗa a shafukan intanet, amma ba sa ganin sitatus.

Game da mai shafin nan, ka fara da sallama ta saƙon sirri, ka ce naka ne, ko ya sa sunanka ko ya sauke. Wasu ba su ma san daga ina suka kwaso ba. In ya yi kunnen ƙashi, Facebook yana da fom na ƙarar satar haƙƙin mallaka, za a nemi adireshin inda ka fara sakawa da na inda ya saka, don haka kada ka goge naka cikin fushi. Ka turo mini na Gidimunin a matsayin fayil, in duba inda sunan zai zauna, ina zaton cikin dabinan ne.