Tace bayanai: a ofis ko tare da masu abin?

Bayan an tattara bayanai don tsara wa jama'a wani aiki, hanya biyu ce a gaban mai bincike. Ta farko, ya kwashi komai ya koma ofis ya tace shi kaɗai. Akwai sauri, kuɗin kaɗan ne, sirrin waɗanda suka yi magana ma ya fi tsira. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ta biyu, wato tacewa tare da masu abin, ita ce wadda masu bincike Caroline Wang da Mary Ann Burris suka bi a lardin Yunnan na ƙasar Sin a farkon shekarun 1990. Sun ba matan ƙauye kyamarori, matan suka ɗauki hotunan rayuwarsu, su da kansu suka zaɓi masu muhimmanci, suka faɗi ma'anarsu, suka ware matsalolin. Hotunan jarirai kwance a gona iyayensu na aiki sun taimaka wajen buɗe wuraren renon yara.

Ni wannan na fi so, ko da yake tana cin lokaci sosai. Haɗarinta shi ne masu baki su danne masu kunya, don haka sai a raba mutane ƙananan rukuni, kowa ya samu damar magana.