Gargaɗi ga masu neman ƙarfen ɗora keke a mota a Yamai

Assalamu alaikum ƴan uwa. Akwai wani mutum da ke tallan ƙarfen ɗora keke a mota a zaurukan saye da sayarwa na Facebook da WhatsApp a nan Yamai, kuma ina roƙon duk mai niyyar saye ya dakata tukuna. Kama sunansa ba zai amfane ku ba, don suna da lambar waya canza su yake yi. Salon damfarar ne ba ya canzawa.

Hotuna yake sakawa masu kyau, ƙarfe na ƙyalli ɗauke da sunan Thule, kamfanin ƙasar Suwidin da ya yi suna a wannan sana'a. Ya ce kayan Turai ne da aka ɗan yi amfani da su, suna kan hanya, a ba da rabin kuɗi don a ajiye maka naka. Ya san kowa ya san halin da iyakarmu da Benin ta shiga tun 2023, ya san kaya da yawa ta Lome suke zagayowa su ratso Burkina, saboda haka in ya ce mota ta makale a hanya ba wanda zai yi mamaki. Bayan kwana biyu sai ya ce duwan sun riƙe kaya, a ƙaro wani abu. Ka ƙara, waya ta mutu.

Wanda aka yi wa haka kuɗi kawai ya rasa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda aka kawo wa kayan. Wani maƙwabcina ya so ya kai wa yaransa kekuna garin Tawa lokacin hutu, ya biya, yaro ya kawo masa abin a babur da magariba ya juya. Bututun ƙarfe ne siriri da aka ɗiɗɗiga wa walda, aka fesa baƙin fenti, aka manna takarda mai sunan kamfani. Bai kai Doso ba walda ta saki, keke ɗaya ya rataye a madauri guda yana jan kwalta, ga mai babur a bayansa ɗauke da mace da goyo. Allah ne ya tsare. Tafiyar da ta haura kilomita 500 ce, ta Dogon Dutsi da Ƙonni, da ramukanta da tudun rage gudu a kusan kowane gari, aka sayar masa da abin da bai jure kilomita 140 na farko ba.

Babbar ƙaryar mutumin nan ita ce cewa ƙarfensa yana shiga kowace mota. Babu irin wannan. Iri uku ne aka fi sani. Akwai na kan rufi, wanda sai motarka tana da sanduna biyu a gicciye a sama, kuma nauyin da rufi ke ɗauka yana rubuce a littafin motar, a ƙananan motoci da yawa tsakanin kilo 50 ne zuwa 100, har da nauyin sandunan da ƙarfen kansa. Akwai na baya mai madaurai, wanda ƙugiyoyinsa ke kama bakin murfin bayan mota; wannan ya danganta da siffar motar, abin da ya zauna a Corolla ba lalle ya zauna a RAV4 mai taya a ƙofar baya ba. Na ukun shi ne mai hawa kan dunƙulen jan tirela, wanda a motocin Turai kaurinsa milimita 50 ne. Shi ya fi ƙarfi, amma in motarka ba ta da dunƙulen, magana ta ƙare. Mai sayarwa na gaskiya, kafin ya faɗi kuɗi, zai tambaye ka irin motarka da shekararta da yawan kekunan. Wannan mutumin lambar da za ka tura kuɗi kawai yake faɗa.

Nauyi ma abin dubawa ne. Yawancin masu madaurai kusan kilo 15 aka ƙayyade wa kowane keke. Kekunanmu na ƙarfe masu kujerar baya sukan wuce haka, keke mai batir kuwa yakan haura kilo 20. Ƙarfe na asali yana da lambar samfuri da iyakar nauyi a jikinsa, kuma kana iya neman lambar a shafin kamfanin a intanet ka ga ko siffar ta yi daidai. In ya ce maka alminiyum ne, kai mayen ƙarfe kusa: in ya manne, ƙarya yake. Ka murza madauran da hannu, don ranar Yamai ta Afrilu da Mayu tana cinye su, su kode, su riƙa barbaɗewa.

Don Allah kada ku tura ko dala kafin a ɗaura abin a motarku da rana tsaka, a ɗora keken, a jijjiga shi da ƙarfi har motar ta motsa. Ku duba ko ya rufe lambar mota da fitilun baya, don jandarma za su tsayar da ku a kan haka, kuma da gaskiyarsu. Tayar keke kada ta zo daidai bakin salansa, zafi yana narka ta. In kun kama hanya, ku tsaya bayan ƴan kilomitoci ku ƙara ɗaure madaurai, haka ma duk inda kuka sauka sallah.

Wanda ya riga ya tura kuɗi kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana rasidin turawa da hoton tallan da duk saƙonnin, ya kai wa ƴan sandan bincike. Tun 2019 Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet. Ya kuma gaya wa masu kula da zauren da ya ga tallan su cire shi.