Kafin ka sayi inji na uku: zaɓin da ke gaban mai motar shaƙatawa idan ɗaki mai zamewa ya sake tsayawa

A Amurka da Kanada, akasarin manyan motocin shaƙatawa, wato waɗanda ke ɗauke da gado da kicin da banɗaki, suna da ɗaki guda ko fiye da ke zamewa ya fito daga jikin motar idan an yada zango, ya koma ciki idan za a tashi. Kamfanin Newmar na jihar Indiyana ne ya shigo da wannan dabara cikin manyan motoci a wajajen 1990, kuma yau da wuya iyali su yarda su sayi motar da ba ta da shi. Sai dai ranar da injin lantarkin da ke tura ɗakin ya tsaya alhali ɗakin yana waje, tafiya ta tsaya ke nan, domin ba a hawa titi da ɗaki a buɗe.

Abin da na gani da idona shi ne, injin da ke yawan mutuwa ba kasafai yake zama mai laifi ba, galibi wani abu ne ke kashe shi. Na canza inji sau biyu a gefe guda na ɗakin kwanan motarmu kafin wani bakanike ya kwanta ƙarƙashin ɗakin da tocila, ya nuna mini ɗaya daga cikin ƙananan tayoyin da ɗakin ke gangarawa a kansu. Tayar ta tsage, ta daina juyawa, har ta ci rami a katakon daɓen, kuma duk lokacin da na danna maɓalli injin gefen nan jan ɗakin yake yi a kan abin da ba ya motsi. Kuɗin inji biyu sun tafi, alhali kuɗin tayar bai kai rabin na inji ɗaya ba. Saboda haka tambayar da ta dace ba wane inji za a saya ba ce kawai, a'a, har da ko inji ne ma ya kamata a saya.

Da farko sai mutum ya san irin tsarin da ke motarsa, domin kowanne da inda yake ciwo. Akwai na cikin bango da ake kira Schwintek, wanda kamfanin Lippert na garin Elkhart a jihar Indiana ya mallaka tun 2010, ana kuma gane shi da layukan alminiyam masu haƙora da ke kwance a gefen ɗakin. Injuna biyu yake da su, ɗaya a kowane gefe, da akwatin sarrafawa da ke ƙidaya juyin kowannensu don su tafi tare. Akwai mai sandunan ƙarfe masu haƙora a ƙarƙashin ɗaki, wanda yawanci inji ɗaya ke juya shi. Akwai mai igiyoyin ƙarfe da sarƙa irin Accu-Slide na kamfanin BAL, sannan akwai mai aiki da matsin mai, irin na kamfanin HWH, wanda famfo ɗaya ke iya tura ɗakuna da yawa har da ƙafafun da ke daidaita motar.

Sayayya mafi arha, wadda kuma nake ganin ta fi kowace amfani, ita ce mitar auna wuta. Waɗannan injuna suna aiki ne da wutar batir mai ƙarfin bolt 12, kuma batirin dalma da ya cika yana nuna kusan 12.6 idan yana hutawa. Amma awon da ke faɗin gaskiya shi ne wanda aka ɗauka a bakin akwatin sarrafawa yayin da ɗakin ke tafiya, domin batirin da ya tsufa yana iya nuna lafiya a zaune, ya faɗi warwas da zarar an ɗora masa nauyi. Idan wuta ta yi ƙasa, injin yana rasa ƙarfi, ya riƙa ja da ƙyar ko ya cije wuri ɗaya, kuma injin da ya cije yana shan wuta mai yawa wadda duk take komawa zafi a cikin koyil ɗinsa. Haka yake dahuwa a hankali har ya ƙone. Wanda ya ga wuta tana faɗuwa sosai, to kuɗinsa na sabon batir ne, ko na goge tsatsar da ta ci bakin wayoyi, musamman wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen motar, wadda mutane kan manta da ita.

Masu tsarin cikin bango suna da wata sa'a, domin akwatin sarrafawar yana faɗin abin da ke damunsa da ƙiftawar fitilu biyu. Koriya tana nuna wane inji ne, na ɗaya ko na biyu, ja kuma tana nuna irin matsalar. Ƙiftawa 3 ta jar fitilar na nufin batir ya yi rauni, 5 na nufin inji yana shan wuta fiye da kima, wanda sau da yawa alama ce ta cewa wani abu ya tokare ɗakin, 8 kuma na nufin saƙon ƙidayar juyi ba ya isowa. Wannan ta ƙarshen ita ta fi yaudarar mutane su sayi sabon inji. Siraran wayoyin da ke ɗauko saƙon suna bi ta wurare masu matsi a cikin bango, inda sukan goge ko su tsinke, ko kan da ke haɗa su da inji ya yi sako-sako. Idan an musanya wayoyin injunan biyu a bakin akwatin sai laifin ya tsaya a lambar da yake, akwatin ne abin zargi, idan kuwa ya koma ɗaya lambar, sai a bi waya da injin gefen da ke da matsalar tun farko. Sabuwar waya ta fi inji arha nesa ba kusa ba, wahalarta dai jan ta cikin bango.

Idan an tabbatar inji ya mutu, kuma an gano abin da ya kashe shi, sai maganar wanda za a saya. Na asali ya fi tsada, amma lambarsa tana dacewa da takardar motar, kuma ga motar da garantinta bai ƙare ba shi ne kaɗai zaɓin hankali. Na kwaikwayo da ake sayarwa a intanet sun fi sauƙin kuɗi ƙwarai, wasunsu kuma suna aiki, sai dai ingancinsu ba ɗaya ba ne, don haka ni na fi son in ajiye irinsu a matsayin na ko-ta-kwana. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne lissafin giyar injin, wato yawan juyin da injin ke yi kafin sandarsa ta juya sau ɗaya. Injunan tsarin cikin bango suna zuwa da 300:1 ko 500:1, na biyun ya fi ƙarfi amma ya fi jinkiri, kuma dole gefe biyu su zama iri ɗaya. Na sha jin ana ba da shawarar a koma mai 500:1 don ɗakin ya daina tsayawa, kuma wannan shawara tana damuna, domin idan ɗakin tokarewa yake yi, inji mai ƙarfi ba zai cire tokarewar ba, zai dai mai da ɓarnar kan haƙoran alminiyam, waɗanda canza su sai an kwance gefen ɗakin gaba ɗaya. A lura kuma da ɗan sukurun da ke riƙe inji a mazauninsa, domin idan ya kwance injin kan ɗaga daga sandar da yake juyawa, a ji ƙararsa amma ɗakin bai motsa ba, mutum ya ɗauka ya mutu alhali lafiyarsa ƙalau.

Zaɓi mafi tsada shi ne sauya tsarin ɗungurungum, kuma akwai kamfanoni irin Vroom da ke Tucson a jihar Arizona da ke ƙera madadin tsarin cikin bango. Wannan ya dace ne da ɗaki mai tsawo da nauyi, irin wanda ke ɗauke da firiji da murhu da kabad cike da kaya, wanda kuma ya ci gaba da cin injuna bayan an gyara wuta da waya da tayoyi. Ga ƙaramin ɗakin gado kuwa, ban ga dalilin wannan kashe kuɗi ba.

Mai niyyar sayen wata motar ya duba wannan tun a filin dila. Ɗaki mai nauyi ya fi samun kwanciyar hankali a kan sandunan ƙarfe na ƙasa ko matsin mai, duk da cewa na ƙarshen yana zuwa da nasa aikin na duba yoyon mai da tiyo. Mai igiyoyi ba shi da nauyi, amma yana son a riƙa duba igiyoyin kada su saki ko su fara tsittsinkewa. Ya nemi a fitar masa da kowane ɗaki a mayar sau biyu ko uku, yana sauraron ƙara, yana kallon ko gefe ɗaya na riga ɗaya isa.

Ko wane inji aka saka, a yawancin motoci sai an daidaita motar ta tsaya sosai kafin a taɓa maɓalli, a kuma bar ɗakin ya kai ƙarshen tafiyarsa ba tare da tsayar da shi a tsakiya ba. A tsarin cikin bango ana ci gaba da riƙe maɓallin na 'yan daƙiƙu bayan ɗakin ya tsaya, domin a lokacin ne akwatin ke sake daidaita lissafin injunan biyu. Akwatin yana da wani ɗan maɓalli a jikinsa wanda idan aka danna sau shida aka riƙe a na bakwai yake ba da damar mayar da ɗakin ciki ko da ƙidayar juyi ta lalace, kuma ya kamata mutum ya nemo inda aka ɓoye akwatin a motarsa tun yana ƙofar gida, domin wani yana ƙarƙashin gado, wani kuma can cikin ma'ajiyar kaya ta waje.