Dirila mai duka ko rotari hama mai batir: wacce ta fi aminci a kankare?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce kana da dirila, wato injin huda, mai batir wadda ake iya juya wuyanta zuwa alamar guduma, ka kai ta kan ginshiƙin kankare ta ƙi ci, bakin hudar ya yi zafi har ya baƙanta. An ba ka shawarar ka nemi rotari hama, wani kuma ya tsorata ka cewa tana murɗe hannu. Kana so ka san wacce ta fi aminci.

A kankare, rotari hama ce ta fi aminci, duk da ita ce mai ƙarfin. A bulo, katako da ƙarfe kuwa, riƙe wadda ke hannunka. Dalilin yana cikin yadda kowacce take dukan bango.

A cikin dirilarka akwai faifai biyu masu haƙora da ke fuskantar juna. In ta juya, haƙoran suna hawa kan juna suna zamewa, shi ne wannan ƙarar mai shiga kunne da kake ji. Dukan yana da yawa, yakan haura 20,000 a minti, amma kowanne ɗan mitsitsi ne, kuma ba ya samuwa sai ka danna. Ke nan ƙarfin daga kafaɗarka yake fitowa. Ita rotari hama fistin ne a cikinta, yana matse iska, iskar ta harba wani guntun ƙarfe ya bugi gindin bakin, kamar dai magini da guduma da cizal. Dukanta bai cika wuce 4,000 zuwa 5,000 a minti ba, amma mai nauyi ne: ƙananan masu batir na volt 18 suna bugawa da joule 2 zuwa 3, wato ma'aunin ƙarfin kowane bugu. Tsarin ba sabo ba ne, tun 1967 kamfanin Hilti ya fito da irinsa mai suna TE 17.

Abin da wannan ke nufi ga lafiyarka shi ne, da dirila za ka jingina duk nauyinka a kan inji na tsawon mintuna don rami ɗaya. Nan ne baki ke zamewa, nan ne yake karyewa, kuma in ya faso ɗaya gefen ba zato, kai da injin za ku bi shi. Rotari hama ba ta son danni. Ɗora ta, ka tura kaɗan har ka ji ta fara bugawa, sai ka bar ta ta yi aikinta. Mai danna ta da ƙarfi rage mata ci yake yi, ya kuma ƙara wa hannunsa girgiza. Ramin milimita 8 da zai sa ka gumi da dirila, ita a daƙiƙoƙi take gama shi, kana tsaye a kan ƙafafunka.

Yanzu maganar murɗe hannu, wadda gaskiya ce, ba tsoratarwa ba. Yawanci rodi ne ke jawo ta. Kana cikin huda sai ka ji sautin ya sauya, daga gurnani ya koma ƙara mai kaifi irin ta ƙarfe da ƙarfe, farar ƙurar da ke zubowa ta ragu. In ba ka saki makunni ba, haƙorin bakin zai sarƙe a gefen rodin ya tsaya cak. Motar kuwa ba ta tsaya ba, don haka jikin injin ne zai juya, ta hagu, akasin yadda bakin ke tafiya. Kafin ƙiftawar ido ya fizge tsintsiyar hannu, ko gindin batir ya sami haɓa.

Abin da wanda ya tsorata ka bai gaya maka ba shi ne dirila ma tana yin haka, wani lokacin ma fiye. Waɗannan lambobin da ke zagaye da wuyanta na ɗaure sukurori ne kawai. Da zarar ka kai ta alamar huda ko alamar guduma, kulocin, wato abin da ke zamewa in juyi ya yi nauyi, ya fita daga lissafi, duk ƙarfin motar yana zuwa hannunka, musamman a giya ta ɗaya. Rotari hama kuwa kusan kowacce tana da kulocin kariya a ciki: in baki ya sarƙe, sai ya riƙa zamewa yana ƙarrr, motar na juyawa ba tare da ta ja injin ba. Sai dai akwai sharaɗi. Kulocin ba ya zamewa sai ya sami abin da ya yi masa turjiya, wato riƙonka. Wanda ya riƙe ta da hannu ɗaya, sako-sako, ita za ta juya shi kafin kulocin ya farga. Shi ya sa ba na ganin hikimar masu cire mariƙin gefe wai yana tare musu hanya. Ɗaure shi tamau, ka riƙe da hannu biyu, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, fuskarka nesa da inda batir zai wulga. Sababbin injuna suna da na'urar da ke jin fizga ta kashe motar nan take. Hilti suna kiran tasu ATC, Makita AFT, Bosch KickBack Control. Ana samunta a manyan diriloli ma. In za ka saya, ka nemi mai ita, amma kar ta sa ka saki jiki.

In baki ya maƙale, saki makunni. Kar ka yi ta ɗanɗana shi kana fatan zai kuɓuce. Juya zuwa baya ka janyo a hankali. In ya ƙi, cire batir, ka zare injin daga bakin, ka warware shi da sufana. Baki mai haƙora huɗu bai cika sarƙewa a rodi kamar mai biyu ba, kuma ya cancanci ɗan ƙarin da ake biya. Rodin kansa kar ka yanke shi, ba ado aka sa shi ba. Matsar da ramin. In kuma dabe ne na manyan benaye da ake ɗaure wa wayoyin ƙarfe a ɗame, wannan ba wurin gwaji ba ne, sai injiniyan ginin ya nuna maka inda za ka huda.

Wajen riƙe baki ma sun bambanta. Dirila tana da muƙamuƙi uku da ake ɗaurewa, baki yakan sulɓe a ciki in aiki ya yi nauyi. Rotari hama tana amfani da tsarin SDS da Bosch ta fito da shi a 1975: gindin bakin yana da kwaroro, kaurinsa milimita 10 a ƙaramin nau'in, SDS-plus, 18 a babban, SDS-max. Goge gindin, ka shafa masa ɗan giris, ka tura kana juyawa har ya yi ƙwas, sannan ka jawo shi ka tabbatar bai fito ba. Zai riƙa motsi gaba da baya kaɗan, haka aka yi shi, ba lalacewa ba ce. Bayan huda kar ka kama shi da hannu tsirara, yana ƙuna. Kuma in ka sa cizal, ka tabbatar ka kai maɓallin kan bugu zalla, ba juyawa. Cizal mai faɗi da ya juya a cikin tsaga ba abin da za ka so ka gwada kuloci da shi ba ne.

Da yake duka biyun masu batir ne, akwai abin da suka yi tarayya a kai. Inji mai igiya kana ganin filoginsa a ƙasa ka san ya mutu. Mai batir a raye yake koyaushe, ba ƙara, ba fitila. Cire batir kafin ka sauya baki, kafin ka share ƙura, kafin ka miƙa wa wani. In za ka ɗauke shi ko ka hau da shi, kai maɓallin gaba-da-baya tsakiya, nan ne makullinsa. Batirin da ya faɗo daga sama ya tsage, ko ya kumbura, ko yake wani irin wari, ya gama aiki. Batirin litiyam in ya kama wuta da wuyar kashewa yake. Kar a yi masa caji yana da zafi daga aiki, kar a bar shi a rana, kar a jefa shi cikin jaka ɗaya da ƙusoshi. Rotari hama ta fi shan batir, ta fi kuma girgiza shi, don haka jabu ya fi saurin nuna halinsa a kanta.

Rashin igiya ya raba ka da tuntuɓe da kuma igiyar da ta ɓare, amma bai raba ka da wayar da ke cikin bango ba. A nan kam rotari hama ce ta fi haɗari, don tana ratsa fayif ɗin waya ba tare da ka ji komai a hannu ba. Wayoyi galibi suna tashi miƙe sama ko ƙasa daga soket da makunnin fitila, ko su bi ta gefe a saitinsu, sai ka kauce wa waɗannan layukan. Bi bangon da na'urar gano waya da ƙarfe, ka kashe wutar wannan sashen, ka sa sandar auna zurfi don kar ka wuce abin da kake buƙata, hannunka kuma ya tsaya a kan roba, ban da ƙarfen gaba. Bangon banɗaki da na kicin a ƙara tunawa da fayif ɗin ruwa da na gas.

Ƙura ita ce abin da na fi damuwa da shi, don ba ta ciwo a ranar. Kankare da bulo suna ɗauke da silika, wato sinadarin yashi, ƙwayoyinta masu laushi suna sauka can cikin huhu su zauna, su bar tabon da ba ya warkewa. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa tun 1997, kuma dokar Amurka ta 2016 ta ƙayyade microgram 50 kacal a kowace mita kubik ta iska a aikin awa takwas. Rotari hama ta fi fitar da ita a minti guda, amma ita ce kuma aka fi yi wa injin zuƙo da ke maƙalewa a jikinta. Takunkumin yadi ba ya tare wannan. A nemi takunkumi mai lamba N95 ko FFP2, in da hali FFP3, ya zauna daram a fuska. Kar ka busa rami da bakinka. Tabarau kuma dole ne, balle in ana huda sama.

Sai girgiza. Dokar Tarayyar Turai ta 2002 ta ce a fara ɗaukar mataki daga awo 2.5 na ƙarfin girgiza, kar a wuce 5, a ma'aunin awa takwas. Littafin injin yana faɗin nasa awon. In ya ce 10, wanda ba baƙon abu ba ne ga rotari hama a kankare, to minti 30 na riƙe makunni sun kai ka matakin farko, awa 2 sun kai ka iyaka. Mai rataye labule ba zai kai nan ba, amma mai wuni yana fasa bango zai kai. Yatsu in sun fara tsikari ko mutuwa, a ajiye. Dirila a kankare ba ta fi sauƙi ba, ga shi ta fi daɗewa a kan kowane rami. Ƙarar duka biyun ta zarce decibel 85 a ma'aunin ƙara, don haka abin toshe kunne ya shafi kowacce. Safar hannu ta zama mai kama hannu. Mai faɗi, da hannun riga mai reto, bakin na iya naɗe su.

Inda dirilarka ta yi nasara shi ne aiki mai laushi. Ta fi sauƙin nauyi, kusan rabin rotari hama, abin da ake ji sosai in an ɗaga hannu sama. A kan tayil a kashe bugun gaba ɗaya sai an wuce shi. Bulo mai rami da bakin kusurwa, rotari hama tana iya ɓalle musu baya ko gefe. A kan tsani kuwa ba wacce na yarda da ita: aikin yana son hannu biyu, tsani yana son ɗaya, a kafa abin takawa mai faɗi.

Ga ginshiƙin da ka ambata, SDS-plus mai volt 18 ta ishe ka, ramukan milimita 6 zuwa 16 nan ne gidanta. SDS-max ta masu rushe gini ce da manyan ramuka. Kar rubutun volt 20 ya ruɗe ka, batiri ɗaya ne da na 18, ɗaya an auna shi yana cike, ɗayan yana kan aiki. In kamfanin dirilarka yana yin rotari hama, sayi jiki kawai ka yi amfani da batirin da kake da shi, matuƙar awon cajin da yake ɗauka ya kai 4Ah. Wancan bakin da ya baƙanta kuwa ka jefar, zafin ya riga ya kashe shi.