Filastar silikon a wuyan mai karɓar gashin ciwon daji: inda take aiki da inda take gazawa

Porocarcinoma ciwon daji ne da ke tsirowa daga bututun da gumi ke bi ya fito saman fata. Ba kasafai ake ganinsa ba, kuma sai a 1963 likitoci Pinkus da Mehregan suka fara bayyana shi. Idan ya fito a fatar kai, kunne ko kunci, wani lokaci yakan gangara kaluluwar wuya, shi ya sa bayan tiyata wasu ake tura su gashi, wato ƙona wurin da hasken na'ura, sau 30 zuwa 33, kwana biyar a mako. Daga mako na uku fatar wuya ta fara duhu da ƙaiƙayi ke nan, zuwa na biyar ta ɗaye tana ruwa.

Wannan ɗayewar ake so filastar ta rage. Siririya ce kamar ledar ƙunsa magani, ana hango fata ta cikinta, gam ɗinta kuma na silikon ne, ba ya fizgo fata idan za a cire. Ba ta tare hasken gashi, kuma ba sai an cire ta kafin a hau na'ura ba. Aikinta kawai ta hana wuyan riga da matashin kai gogar fatar da ta yi laushi.

Tun ranar farko ake liƙa ta, a kan fata busasshiya wadda ba a shafa wa ko ɗigon mai ba. Majinyaci ya ɗaga haɓa yadda zai kwanta a kan na'ura, sannan a ɗora ba tare da an ja ta ba. Idan aka ja, da ya juya kai sai ta tattare ta ƙwaƙule wurin. Babban falle ba ya zama a wuya; gara a yanka ƙanana, a zagaye kusurwoyinsu da almakashi, gefe ya ɗan hau gefe.

A saman ƙashin wuya da gefensa tana yin kwanaki, kuma bambanci a fili yake: inda ta rufe yakan yi duhu kawai, yatsa biyu daga nan fata ta saɓule. Ƙarƙashin haɓa da bayan kunne kuwa sai haƙuri. Gemu na ture ta cikin kwana ɗaya ko biyu, reza kuma an hana, sai injin aski. Zafin bazara ya fi komai karya ta, domin gumi na taruwa a ƙasa, gefe ya naɗe, ƙura ta shiga. Wasu suna jin kamar an shaƙe su. A wani gwaji a Jamus kusan rabin majinyatan sun kasa jure ta, har aka dakatar da gwajin da wuri.

Da zarar wuri ya buɗe yana tsiyaya, ko ya yi wari ko mugunya, a cire ta a nuna wa likita, a koma bandeji mai tsotse ruwa. Inda fata ba ta buɗe ba a ci gaba da ita kamar mako biyu bayan gashi na ƙarshe, don a lokacin ƙunar ke kaiwa ƙololuwa. Ga wuyan da ba gemu, musamman da sanyi, ta ci kuɗinta. Mai cikar gemu a watan Afrilu, kada ya sayi kwali guda kafin ya gwada falle biyu.